Saura Yatsa Ɗaya Firjin Ya Shiga

Ni ɗan fari ne, don haka har mahaifiyata ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ina nesa "wancan" take cewa, in ina kusa "wannan". Haka ake yi a gidanmu can ƙasar Katsina, uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ina so in ce ban taɓa jin haushin abin ba, amma ƙarya zan yi. Na ji, lokacin da nake ƙarami.

Zuwana gida na ƙarshe kafin korona, ranar da zan komo Doha, ina tsugune a tsakar gida ina kokawa da zif ɗin jaka, sai na jiyo Inna daga ɗaki tana ce wa ƙanwata, "Ki sa wa wancan wannan a kayansa, tunda an ce can ba su da abin kirki." Robar man shanu ce, ta soya shi da albasa har ya yi ja, da daddawa a ƙulle cikin leda. Duka biyun da hannunta ta yi. Ba ta fito ba. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi mata sallama, ta ce Allah ya tsare hanya, idonta na kan tsintsiyar da take ɗaurewa.

A lokacin ina zaune a unguwar Mansura a Doha, ina tuƙa motar kamfani mai ɗaukar ma'aikata. Mu biyar ne a ɗaki, ni kaɗai ne Bahaushe. Ina da firjina na kaina, na hannu, wanda na saya wajen wani da zai bar ƙasar, fari mai ƙofa biyu, yana tsaye a gefen gadona yana gurnani. Ban taɓa kulle shi ba, don babu bukata. Ranar farko da na buɗe ledar daddawa abokan kwanana suka watse kamar an jefa musu barkonon tsohuwa, daga nan babu wanda ya sake kusantar sa. Na riƙa cin abina ba lissafi. In na yi dafa-duka in zuba mai cokali biyu, har da na lashewa. Me zai sa in yi tattali, tunda baɗi zan koma a ba ni wani?

Sai annoba ta zo aka rufe ko'ina. Jirgi ba ya tashi, masallatai a kulle, muna zaune a ɗaki muna kallon juna ta saman takunkumi. Wata rana bayan azahar ƙanwata ta kira. Ban ma gama amsa sallamarta ba na gane. Inna ta kwana biyu da zazzaɓi, ta hana a faɗa mini, wai kada a tayar wa wancan da hankali yana ƙasar mutane. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Ni kuwa ina zaune a bakin gado da waya a hannu, babu inda zan je, babu abin da zan yi, ko tabarmar zaman makoki ba ni da ita.

Ƙishirwa ce ta sa na buɗe firjin da yamma, sai idona ya faɗa kan robar. Abin da ya rage na man bai wuce ludayi biyu ba, daddawa kuma ƙwaya uku. Na daɗe a tsaye har firjin ya fara ƙara. Na nemo baƙar leda na naɗe su, na ƙara wata, na tura can ƙuryar wajen ƙanƙara. Tun daga ranar ban ƙara ci ba. Wani lokaci in ɗakin ba kowa nakan ciro in buɗe murfin in shinshina in mayar. Ban faɗa wa kowa ba. Ta ina zan fara? Ƙato kamar ni, da furfura a gemu, in ce ina ajiye da man shanun uwata ina shinshinawa?

Haka muka zauna da ni da robar sama da shekara biyu, har shekarar gasar ƙwallon duniya. Saura 'yan makonni a fara, aka manna mana takarda a ƙofa cewa mu tashi, za a gyara benen a saukar da baƙi. Kowa ya kama gabansa. Bayan yawo har takalmina ya buɗe baki, na samu wuri a Wukair, can bayan gari, a irin manyan gidajen nan da ake yayyankawa da allon jifsam a mayar da falo ɗaya ɗaki uku. Rabona ɗaki ne wanda in ka miƙe ƙafa sai ta gaisa da bango, da wani lungu a gefe da aka kira kicin. A ƙarshen lungun akwai gurbi tsakanin bangon bulo na asali da bangon jifsam, da soket a sama. Nan firji zai zauna.

Ban je da tef ɗin awo ba. Ubana dillalin shanu ne, kakana masaƙi, mu da hannu muke awo. Na riga na auna firjina a Mansura, taƙi uku ne da yatsa biyu, wato in na buɗe tafin hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya sau uku. Na auna gurbin, taƙi uku da yatsa huɗu. Na ce alhamdulillahi, har da rarar shan iska. Ban lura ba, ko kuwa na lura ban kawo komai a raina ba, cewa bangon duka biyu tsirara suke, ba a gama aikinsu ba.

Bayan mako guda na iso da kayana a bayan akori-kura. Wakilin mai gidan, wani Balarabe mai yawan murmushi, ya tarye ni yana murna, ya ja ni kicin ya nuna mini alherin da aka yi mini. An manna tayil fari fes a bangon nan biyu, daga ƙasa har sama, mai kauri, an ɗora shi kan siminti kamar ana ginin rijiya. Na ce masha Allah. Muka turo firjin ni da direban akori-kurar, ya zo bakin gurbin ya tsaya cak. Muka juya shi, muka karkata, muka ɗaga. Abin da ya hana shi shiga bai kai kaurin ɗan yatsana ba.

Na ce to a bar shi a baranda in ja waya. Wakili ya ce mamnu, wato an hana, masu duba gidaje suna yawo saboda gasar, ba a barin komai a hanya. Na shigar da shi ɗaki da ƙyar, ya tare ƙofa har sai na bi ta kan gado, kuma ina kunna shi tare da esi sai wutar ɓangarenmu gaba ɗaya ta ɗauke, maƙwabta suka fito suna tambaya da harsuna huɗu. Dole aka fitar da shi tsakar gida aka jingine a bango a kashe, inda ba ya tare hanya. Duk wannan abin da ake yi, baƙar ledata tana cikin 'yar kula da ƙanƙarar da ta fara zama ruwa. Na taɓa robar na ji man ya saki. 

A nan ne Baba ya shigo labarin. Dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, mai gadi a wani kamfani, ya daɗe a ƙasar nan har ya daina ƙirga shekaru. Ɗakinsa yana kallon nawa. Kowa Baba yake ce masa, shi kuma kowa ɗansa ne. Ya leƙo ya gan ni tsugune a kan kula, ya ce, "Ɗana, ɗan Najeriya ne? Sannu. Ku da ba ku zo gasar ba ma kuna shan wahalarta." Ya yi dariya shi kaɗai, don ƙasarsu ce ta hana tamu zuwa, kuma bai taɓa barin wani ɗan Najeriya ya manta ba. Sannan ya ce in kawo abin da zai lalace ya sa mini a firjinsa.

Na miƙa masa ledar da hannu biyu. Ya jinjina ta ya ce, "Mene ne a ciki?"

Na ce, "Ɗan kayan miya ne daga gida, Baba."

Da na tsaya a nan, da shi ke nan. Amma mutum ya yi maka alheri, ya buɗe maka firjinsa, kuma abin da ka ba shi abinci ne. A garinmu ba a miƙa wa mutum abinci ajiya a ce masa kada ya taɓa, sai a ce wane marowaci ne har jikokinsa. Bakina ya yi abin da ya saba tun ina yaro, ba tare da ya shawarce ni ba. Na ji kaina ina cewa, "Ai namu ne duka. In ana bukata a ɗiba."

Ya ce, "Allah ya yi albarka." Ya shige da ita.

Na ce a raina kwana ɗaya ne ko biyu. Washegari tun da safe na ɗauko sukudireba na cire ƙofofin firjin, a tunanina zai rame. Bai rame ba, ai faɗin jikinsa ne matsalar. Na shafa sabulu a gefensa na tura da kafaɗa har ya loɓa. Na kai masa ƙafa, ni na ji zafi. Na mayar masa da ƙofofinsa, na sake fitar da shi tsakar gida. Na je wajen wakili na ce a ba ni izini in cire tayil na gefe ɗaya. Ya kama kai kamar na ce zan rushe masallaci. Sabon tayil? Ya ce sai ya tambayi mai gida. Yaushe? Bukra in sha Allah. Gobe ke nan.

Wannan goben ta ci mako uku. Mai gida ya yi tafiya. Mai gida ya dawo amma yana da baƙi. Mai gida ya ce a turo hoto. An tura hoto bai duba ba. Wata rana raina ya ɓaci na tsaya a tsakar gida na wanke wakilin nan tas da Hausa, tun daga kan tayil ɗinsa har murmushinsa, yana kallona yana gyaɗa kai. Da na gama ya dafa kafaɗata ya ce bukra. Wallahi da na san inda zan kai ƙara da na kai, amma wa zan gaya wa, kuma in ce me? Duk garin ana shirin tarbar duniya, ni ina kuka a kan yatsa ɗaya.

Baba ya ce in sayar da shi in sayi ƙarami. Na leƙa kanti biyu, ƙananan da za su shiga gurbin wajen ƙanƙararsu wasan yara ne, ba zai riƙe abu shekara ba. Ban iya yi wa Baba wannan bayanin ba, don zai ce me zan ajiye shekara. Kuma kullum ana ce mini gobe, wa zai sayar da firjinsa saboda kwana ɗaya?

Gasa ta fara. Aka mayar da mu jigilar ma'aikata zuwa filin wasa na Rayyan, mu fita da sassafe mu dawo a gajiye liƙis. Tituna sun cika da tutoci da mutane masu fenti a fuska suna busa ƙaho. Ina riƙe da sitiyari a cikin cunkoso, hankalina yana cikin firjin wani. Kullum in zan fita sai na wuce ƙofar Baba, kullum sai na shirya maganar a raina: Baba, ledar nan, don Allah a bar ta yadda take. Kalma nawa ce? Sau ɗaya har na tsaya na yi sallama, ya fito da buta a hannu ya ce, "Ɗana, akwai magana?" Na dubi fuskarsa, na tuna ni na ce a ɗiba, na ga in na janye yanzu sai ya tambayi dalili, in ya tambaya kuma ban san abin da fuskata za ta yi ba. Na ce, "A'a Baba, gaisuwa ce." Wata rana ya aike ni in ɗauko masa ruwan sanyi, na saci kallon wajen ƙanƙara, na hango ledar a bayan kifinsa ba a taɓa ba. Wannan ya kwantar mini da hankali, kuma shi ne ya cuce ni.

A ƙarshe izini ya fito, da sharaɗin in bar bangon fari, mai wankuwa, kada a ga jifsam a waje. Na samo wani mai gyara ɗan Bangaladash, siriri mai fensir a kunne, wanda ba shi da sarari sai safiyar Juma'a. Ya zo ya ciro tef, ya auna gurbin sama da tsakiya da ƙasa, ya auna firjin. Na nuna masa yadda na auna da hannu, ya dube ni, ya dubi hannun, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da guntun Larabcinsa da guntun nawa ya fahimtar da ni cewa tayil da simintinsa sun cinye fiye da yatsa a kowane gefe. Wani tayil ɗin ko mai sirantaka ne sai ya nemi abin da zai zauna a kai, don haka ba zai yi ba. Abin da zai yi shi ne a ɓamɓare na gefen jifsam, a kankare simintin, a manna farin fallen roba wanda kaurinsa bai fi na katin shaida biyu a haɗe ba.

Ya sa guduma da wani ƙarfe mai faɗin baki ya riƙa ɗaga tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don allon da ke baya ba shi da ƙwari, in ka matsa sai ka leƙa ɗakin maƙwabci. Ni ina kwashe ɓaraguzai a bokiti. Ya goge, ya shafa gam, ya manna fallen ya bi shi da tsumma. Muka turo firjin. Ya shiga, ya shiga, ya kai rabi ya tsaya. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ihu. Mai gyara ya kwanta rub da ciki ya haska da wayarsa, sai ga wani layin tayil a gindin ɗaya bangon, wanda ya ɗan fi sauran fitowa. Wannan ba ya cikin izinin. Ya dube ni, ya leƙa tsakar gida ya ga wakili ba ya nan, ya sa yatsa a baki, ya ɓalle guda uku ya zuba a aljihun jakarsa.

Muka sake turawa. Ya zame ya shige har ƙurya, ba ko ƙara. Mai gyara ya jawo shi baya kaɗan don ya samu iska, ya buɗe ƙofar ya rufe ya ga ba ta gogar bango. Na sa soket, firjin ya yi wannan gurnanin nasa da na yi mako uku ban ji ba. Na rungume mutumin nan da ƙurarsa da komai. Na ce bari ya yi sanyi tukuna, in na dawo masallaci in karɓo ajiyata. Na yi wanka na sa farar riga, na tafi Juma'a ina jin kaina sakayau.

Tun daga bakin get na ji ƙamshin. Ban bukaci kowa ya gaya mini ba. Akwai daddawa iri-iri a duniya, kuma kowa da yadda yake soya mai, amma wannan na tashi a cikinsa.  Na shiga na tarar an shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida, daidai inda firjina ya yi mako uku a jingine. Baba yana zaune a gaban babban faranti, tuwon semo da miyar kuka, mutanen gidan huɗu sun kewaye shi, man yana kwance a saman miyar yana ƙyalli.

"Yauwa, ga mai firji," in ji Baba. "Zo ka zauna, ɗana. Na ce yau ranar farin cikinka ce, dole a yi walima. Na duba ba ni da daddawa, sai na tuna ka ce a ɗiba. Ashe ɗan kaɗan ne ma, na juye duka, har man. Ya daɗe fa, gara da aka ci kada ya lalace."

Ina da baki, duk wanda ya san ni ya san haka. Na zagi wakili a kan tayil, na zagi masu mota a kan titi ba adadi. Amma a nan fa? Wa zan yi wa faɗa? Tsohon da ya ba ni wuri a firjinsa, ya tsaya a kan murhu da zafin nan don ya taya ni murna, da abin da ni da bakina na ce ya ɗiba? Na wanke hannu na zauna. Na ga hannaye biyar suna shiga farantin suna fita, na ga in na tsaya kallo za a cinye ba ni. Na yi bisimilla na kai loma.

Ita ce. Kamar yanzu ta sauke tukunyar ta ce wa ƙanwata a miƙa wa wancan. Na ci, na ci da sauri kamar mayunwaci, ina jawo gefen da man ya taru zuwa gabana ba kunya. Idona ya kawo ruwa, wani ya ce yajin Baba ba wasa, na ce ƙwarai kuwa.

Baba ya suɗe yatsunsa ya ce, "Rabona da daddawa irin wannan tun ina gida. Wa ya yi?"

Na ce, "Mahaifiyata."

"Allah ya saka mata da alheri. In ka yi waya ka gaishe ta, ka ce wani tsoho a Wukair ya gode. Ka ce in an samu mai zuwa ta ƙaro mana."

Na ce, "To, Baba."

Bayan la'asar ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya miƙo robar. Ya wanke ta tas da sabulu da ruwan zafi, kuma da yake ba a mayar da kwano ba komai, ya cika ta da dabino. Na yi godiya. Da ya tafi na juye dabinon a faranti, na kai robar hanci. Ƙamshin lemon tsami na sabulun wanke-wanke kawai na ji.

Na shiga kicin. Firjin ya yi sanyi sosai, yana zaune daram a gurbinsa, farin fallen nan yana ƙyalli a gefensa. Na buɗe wajen ƙanƙara, ba komai a ciki. Na rufe robar da murfinta, na naɗe ta a baƙar leda, na tura ta can ƙurya inda take zama.